Kwana huɗu a gari ba su isa ka yanke masa hukunci ba

Akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa yanzu a Facebook da TikTok da YouTube wadda wallahi ta daɗe tana damuna. Mutum zai sauka a wata ƙasa ranar Litinin, kafin Alhamis ya riga ya kunna kyamara yana karanta wa duniya halin mutanen ƙasar baki ɗaya. Wai mutanen nan ba sa ƙarya. Wai mutanen nan ba su da tausayi, ko gaisuwa ba sa amsawa. Wai garin nan aljannar duniya ne, ko kuma wai garin nan ba wajen zaman ɗan Adam ba ne. Ƙasa mai mutum miliyan 80, shi abin da ya gani bai wuce direban tasi ɗaya da mai ba da makulli a otal da wata mata da ta ɗaure masa fuska a jirgin ƙasa ba, amma shikenan ya sauke karatu har ya buɗe makaranta. Kuma dubban mutane suna kallo suna yarda, saboda ai shi ya je, gani ya kori ji. To ni abin da nake cewa shi ne akwai ganin da bai isa ya kori komai ba.

Kar wani ya ɗauka tafiya nake suka ko zumuɗin da ke kama mutum a kwanakin farko. Ina ƙaunar waɗannan kwanakin ƙwarai. Ka fito daga filin jirgi iska ta buge ka da wani irin ƙamshi da ba ka san shi ba, kana jin mutane suna ta magana ba ka gane ko kalma ɗaya, ka tsaya gaban injin sayar da tikiti kamar yaron da aka kai makaranta yau, komai sabo, har launin hasken rana sai ka ga kamar ya canza. A wannan lokacin idon baƙo yana kama abubuwan da 'yan gari sun daina gani tun tuni. Mutumin Istanbul da ke hawa jirgin ruwa kullum daga ɓangaren Asiya zuwa ɓangaren Turai don ya je aiki, shi a wajensa motar haya ce kawai, yana danna waya ko kallon ruwan ba ya yi, baƙo ne zai tsaya baki buɗe yana cewa yanzu nahiya biyu na ratsa cikin minti 20. Wannan mamakin abu ne mai daraja, bai kamata a raina shi ba. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki mamaki aka mai da shi hukunci.

Abu na farko da ya kamata duk matafiyi ya sa a ransa shi ne abin da ka fara gani a gari ba tsautsayi ne ya kawo shi gabanka ba, shirya shi aka yi. Filin jirgi, titin da ya taso daga can, unguwar da otal-otal suke, wuraren da direba zai ce sai ka gani, duk hanya ce da aka share dominka. Kamar baƙon da aka shigar falo ne aka kunna masa fanka, sai ya fito yana cewa ya san gidan. Ɗauki Dubai. Za ka hau titin Sheikh Zayed gine-gine suna ƙyalli dama da hagu, ga Burj Khalifa mai tsayin mita 828 da aka buɗe a 2010, ga jirgin ƙasa yana tafiya babu direba tun 2009, kuma duk wannan gaskiya ne, babu wanda ya isa ya ce ƙarya ne. Amma kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa baƙi ne, kuma waɗanda suka ɗauki siminti suka ɗora wannan ƙyallin galibinsu 'yan Indiya da Pakistan da Bangladesh da Nepal ne da ke kwana a sansanonin leburori irin na Sonapur can bayan gari, ana kwaso su a bas tun da asuba kafin mai kyamara ya tashi barci. Zafin wajen ya kai gwamnati da kanta ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3 na yamma tsakanin tsakiyar Yuni da tsakiyar Satumba. Wanda ya yi kwana huɗu tsakanin otal da manyan kantuna masu sanyin iyakwandishan bai ga wannan Dubai ɗin ba, ba ya ma kan hanyarsa, to ta yaya zai ce mana ga yadda rayuwa take a can.

Kuma abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Wanda ya sauka a filin jirgin Charles de Gaulle ya hau jirgin ƙasan da ke shiga Faris, zai fara ratsa unguwannin Seine-Saint-Denis ne, ɗaya daga cikin yankuna mafi talauci a Faransa, ga rubuce-rubuce a jikin bango ga tsofaffin benaye, sai ka ga jikinsa ya yi sanyi yana cewa au dama wannan ce Faris ɗin da ake ta zuzutawa. Abin ya kai wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan mai suna Hiroaki Ota da ke aiki a birnin ya yi bayanin wasu 'yan ƙasarsu da ke shiga ruɗewa ta gaske idan suka iso, saboda garin da suka tarar ya yi hannun riga da wanda suka gina a ransu daga hotuna da finafinai. Da wanda Dubai ta ruɗa da wanda Faris ta kashe wa jiki duk kuskure ɗaya suka yi, sun ɗauki hanyar shiga gari a matsayin garin. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Sannan akwai jikinka kai kanka, wanda ba a cika lissafa shi ba. Ka yi sa'a 10 ko fiye a zaune a jirgi, agogon jikinka yana cewa dare ne waje kuma rana tsaka, jami'in shige da fice ya tsare ka da tambayoyi yana juya fasfo ɗinka kamar mai neman laifi, ba ka ci abin kirki ba, ga sanyi ko zafin da ba ka saba da shi ba. Mutum a wannan hali ko tsohon abokinsa ya gani zai iya jin haushinsa, balle garin da bai sani ba. Wani masanin halayyar al'umma Kalervo Oberg tun a 1954 ya yi wa wasu mata baƙi mazauna Rio de Janeiro lacca a kan wannan, ya ce baƙo yakan bi matakai, da farko komai burge shi yake yi kamar kwanakin amarci, sai kuma ya faɗa lokacin da komai haushi yake ba shi yana zagin 'yan gari tare da baƙi irinsa, daga baya ne a hankali yake fara ganewa har ya saba. Ba kowa ne ke bin matakan daidai yadda ya jera su ba, amma duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba zai ce maka akwai gaskiya a ciki. Mai ziyarar kwana huɗu ko dai bai fita daga mataki na farko ba ko kuma ya faɗa na biyu da wuri, sai ya dawo da rahoton yanayin da zuciyarsa take ciki yana zaton rahoton ƙasar ne.

Ko manyan matafiya ba su tsira daga wannan ba. Ibn Battuta ya bar Tanja a 1325, ya ga Makka da Dalhi da tsibiran Maldives da gabar Sin, mutumin da ya shekara 27 yana yawon duniya ke nan lokacin da ya ƙetare Sahara ya isa Walata, gari a iyakar daular Mali, a 1352. Amma da hakimin garin ya yi masa magana ta bakin wani mai isar da saƙo maimakon kai tsaye, sai ya ɗauka wulaƙanci ne, alhali haka tsarin fadar yake, aka kawo masa abincin baƙunta ya raina, har ya ce ya yi da-na-sanin zuwa ya fara tunanin juyawa. Allah ya sa bai juya ba, ya wuce babban birnin Mali zamanin Mansa Sulaiman ya yi watanni. Kuma mutumin nan ne daga baya ya shaida cewa zalunci ya yi ƙaranci a ƙasar, matafiyi ba ya tsoron ɓarawo a hanya, ba sa taɓa dukiyar baƙon da ya mutu a cikinsu, ga kula da salla da haddar Alƙur'ani. Bai daina sukar abubuwan da bai so ba, har ƙarshe yana ganin sarkin marowaci ne, amma da a Walata ya tsaya da duk wannan shaidar ba mu same ta ba.

Yawancin abin da baƙo ke kira rashin mutunci ko rashin hankali, ƙa'ida ce kawai da ba a gaya masa ba. A Amurka ka ci abinci a gidan abinci ka tashi ba ka bar tukwici na kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ba, ka cuci mai kawo maka abincin, domin dokar tarayya ta yarda a biya irinsu dala 2.13 a sa'a tun 1991, sauran daga hannun masu ci ake sa ran zai fito, duk da wasu jihohin sun ɗaga nasu. A Japan kuma ka bar kuɗi a tebur sai a biyo ka da gudu a miƙa maka, an ɗauka mantuwa ka yi. Baƙo ya iso Jamus ranar Lahadi ya tarar kantuna a rufe sai ya ce gari ya mutu, bai san doka ce ta ware ranar don hutu ba. Ya je Madrid ya ga sai ƙarfe 9 ko 10 na dare ake zaman cin abinci ya ce malalata ne ba sa son barci da wuri, bai san tun 1940 aka tura agogon Sifen gaba da sa'a ɗaya ba a dawo da shi ba, agogonsu yana gaban ranarsu. A Bulgeriya ma gyaɗa kai da girgiza shi juye suke da yadda yawancin duniya ta saba. Murmushi kansa ba ɗaya ba ne a ko'ina, akwai inda ake yi wa kowa a hanya, akwai inda ake ajiye shi sai ga wanda aka sani, kuma na biyun ba ƙinka suke yi ba.

Amma duk waɗannan ƙanana ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake bayanin tsafta da tsari na wasu birane kamar a jininsu yake. Za ka ji mai bidiyo yana nuna titi fes yana cewa su waɗannan haka Allah ya yi su. Wannan magana ba gaskiya ba ce kuma tana da illa, saboda tana goge wahalar da aka sha kafin a kai nan, tana kuma cusa wa mai kallo cewa shi nasa garin ba zai taɓa gyaruwa ba tunda ba a halicce shi da jinin ba. Landan ɗin nan a zafin 1858 kogin Thames ya yi warin da 'yan majalisa suka kasa zama a ofisoshinsu na bakin ruwa, saboda duk ƙazantar birnin cikinsa take zuba, kwalara kuma tana ta kashe mutane, sai da warin ya shiga hancin masu mulki sannan aka ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗi ya gina magudanan ƙarƙashin ƙasa da har yau ake amfani da su. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin na wasu kwanaki ya kashe mutum aƙalla 4,000, daga nan aka yi dokar tsaftace iska a 1956. Amsterdam da kowa ke ɗauka a hoto saboda kekuna, a 1971 haɗarin mota ya kashe mutum wajen 3,300 a ƙasar Holan, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito kan titi suna zanga-zangar a daina kashe musu 'ya'ya, ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara, a haka aka fara ƙwace titi daga hannun mota ana ba keke. Kogin Singafo a da juji ne mai wari, firaministan ƙasar na lokacin Lee Kuan Yew ya ba da umarnin share shi a 1977 aka shekara 10 ana yi, aka tashi dubban iyalai da masu sana'a daga bakinsa. Rafin Cheonggyecheon da ke tsakiyar Seoul inda mutane ke shan iska yanzu, kafin 2003 a binne yake ƙarƙashin kankare da gadar sama, rushewa aka yi aka buɗe shi a 2005. Ina jini a nan? Fushin jama'a ne da haraji da doka da injiniyoyi da shekaru, wani wajen har da rayuka.

Kuma wani lokaci tsaftar tana da farashin da ba ya fitowa a kyamara. Kigali ta cancanci yabo, Ruwanda ta haramta leda tun 2008, kuma kowace Asabar ta ƙarshen wata jama'a na fitowa aikin gayya da suke kira Umuganda. Amma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2015 kan yadda ake kwashe masu talla a titi da mabarata da yaran da ba su da matsuguni ana tsare su a wata cibiya a Gikondo. Mutum zai iya yaba tsaftar ya kuma tambaya ina talakawan suka shiga, ɗaya bai hana ɗaya ba. Titin da ba ka ga mabaraci ba, ko dai an magance talauci ko kuma an kawar da talakan daga idonka, kuma daga tagar tasi ba za ka iya bambancewa ba.

Irin waɗannan bidiyoyin fa ba nishaɗi ne kawai ba, akwai masu yanke shawarar rayuwarsu a kansu. Saurayi yana kwance yana kallon wani yana zagaya kanti a Turai ko a ƙasashen Larabawa yana cewa nan kowa yana cikin daɗi, ba a gaya masa kuɗin haya na cinye nawa daga albashi ba, ba a gaya masa mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya ba, ko yadda rayuwa take ga wanda bizarsa ta ƙare yana ɓuya, sai ya sayar da abin da ya mallaka ya miƙa wa dillali. Mai bidiyon da kuɗin yawon buɗe ido ya je da tikitin dawowa a aljihu, shi wanda ya biyo bayansa neman aiki ya je, garin da zai tarar daban ne ko da sunan ɗaya ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma wanda ya dawo yana cewa mutanen ƙasa kaza duk mugaye ne ya shuka ƙiyayyar miliyoyin mutane a zuciyar waɗanda ba za su taɓa zuwa su tantance ba.

Su ma masu garin sun fara gajiya da zama abin kallo. A unguwar Gion ta birnin Kyoto na Japan sai da aka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba a 2019 aka sa tarar yen 10,000, saboda baƙi suna bin mata masu kayan gargajiya da kyamara har suna tare musu hanya, a 2024 kuma aka hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Tsohon birnin Venice da ke da mazauna wajen 175,000 a farkon shekarun 1950 yanzu ba su kai 50,000 ba, a 2024 aka fara karɓar yuro 5 daga masu shigowa yini ɗaya a wasu ranaku. A Barcelona a Yulin shekarar masu zanga-zanga har ruwa suka riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido da bindigar wasan yara saboda haya ta fi ƙarfinsu. Wurin da kake kira wajen shaƙatawa gidan wani ne, a nan yake kai 'ya'yansa makaranta, a nan yake binne iyayensa.

Na san wani zai ce to idan an wulaƙanta ni a ranar farko fa, in yi shiru? A'a wallahi. Idan an tsare ka a filin jirgi saboda launin fatarka ko kalar fasfo ɗinka alhali wasu suna wucewa, idan an bi ka a kanti kamar ɓarawo, idan an ƙi zama kusa da kai a bas, wannan ya faru kuma ka faɗa da babbar murya, babu wanda ya isa ya ce maka rashin fahimtar al'ada ne, wariya wariya ce. Abin da nake nema shi ne ka faɗi abin da ya same ka a matsayin abin da ya same ka, a wuri kaza daga hannun mutum kaza. Tsakanin "an yi min" da "haka suke" akwai tafiya mai nisa, kuma sai wanda ya zauna ya ji bakin baƙin da suka shekara a garin ne zai iya cewa abin ɗabi'ar wajen ce ko kuwa shi ne ya haɗu da mutumin banza.

Wani kuma zai ce ai ba kowa ke da halin zama shekaru ba. Haka ne. Rifa'a al-Tahtawi, malamin da mai mulkin Masar na lokacin Muhammad Ali ya tura Faris a 1826 a matsayin limamin ɗalibai, shekara 5 ya yi, ya koyi Faransanci ya karanta dokokinsu kafin ya zauna ya rubuta abin da ya yaba da abin da ya ƙi, shi ya sa har yau ake karanta shi. Ba na cewa sai ka yi irin nasa. Amma ko a kwana huɗu akwai abin da za ka iya. Ka hau bas ɗin 'yan gari har tashar ƙarshe ka sauka ka zaga. Ka tashi da asuba ka hau jirgin farko ka ga su waye a ciki, domin su ne masu share garin da dafa masa abinci. Ka shiga kasuwar da ba a sayar da tsaraba. Ka tambayi mai gyara maka ɗaki a ina take kwana, sa'a nawa take yi a hanya kafin ta iso. Abin da ya ba ka mamaki kuma, mai kyau ko marar kyau, ka tambayi mutum biyu ko uku me ya sa ake yin haka kafin ka ba kanka amsa.

In kuma dole sai ka kunna kyamara, dan Allah ka fara gaya wa masu kallonka kwana nawa ka yi, a wace unguwa ka sauka, waye ya biya kuɗin otal ɗin, kuma ko kana jin yaren mutanen da kake shirin ba mu labarinsu.